Filin Tambaya da Amsa: Digirin Tarihi, Harshe ko Zane, Yana Mayar da Kuɗin da Aka Kashe a Kansa?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowar, kuma duk a kan magana ɗaya suke: ko karatun jami'a a fannonin adabi, tarihi, harsuna da zane-zane yana biyan mai shi ta fuskar abin duniya.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, hatsi nake sayarwa a Funtuwa. Ɗana na fari ya samu gurbin karatu a wata jami'ar tarayya, amma Tarihi aka ba shi, alhali karatun lauya ya nema. 'Yan'uwana sun rabu biyu. Wasu sun ce in bar shi ya tafi, wasu kuma sun ce asarar kuɗi ce, gara in ba shi jari ya zauna tare da ni a rumfa, ko kuwa ya sake rubuta JAMB baɗi. Ƙanena har ya nuna mini wani rahoto a wayarsa da ke cewa a Ingila masu irin wannan digiri ba sa mayar da abin da suka kashe. Na san ilimi gishirin zaman duniya ne, ba a kan wannan nake tambaya ba. Lissafin kasuwa nake so a yi mini: idan na zuba kuɗina shekara huɗu, za su dawo?

Daga wani mahaifi, Funtuwa, Jihar Katsina

AMSA

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaron albarka, ya kuma ƙara buɗi a kasuwa. Tunda lissafi ka nema, lissafin za mu yi, amma bari mu fara kawar da maganar Ingila daga gabanmu, domin tana ruɗar iyaye da yawa.

Ina kyautata zaton rahoton da ƙanenka ya gani ya samo asali ne daga binciken da cibiyar nazarin tattalin arziki ta IFS da ke Landan ta fitar a 2020. Binciken ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin biyar da ya fi samun kuɗi a tsawon rayuwarsa da bai shiga jami'a ba, kuma fannonin da suka zo can ƙasa su ne irin su zane, kiɗa da wasan kwaikwayo, yayin da likitanci da ilimin tattalin arziki suka zo a sama. Binciken ingantacce ne, amma na ƙasarsu ne. Ɗalibin Ingila a lokacin yana biyan fam 9,250 a shekara kuɗin karatu kawai, yawanci da bashi mai kuɗin ruwa, sannan takwaransa da bai shiga jami'a ba yana iya samun aikin albashi tun yana ɗan shekara 18. A wurinmu duka ɓangarorin biyu sun sha bamban. Jami'ar tarayya ba ta karɓar kuɗin koyarwa a hukumance, kuɗin rajista da na hidimomi take karɓa, ko da yake sun ninka a yawancin jami'o'i tun 2023. Sannan yaron da ya tsaya a takardar sakandare ba wani aikin ofis ke jiransa ba. Don haka kada a auna hatsinmu da mudun wata kasuwa.

Yanzu ga namu lissafin. Abin da za ka kashe kashi biyu ne, kuma mutane sukan ƙirga na farko su manta da na biyu. Na farko shi ne kuɗin da zai fita daga aljihunka: rajista, ɗakin kwana, abinci, kuɗin mota, littattafai da kwafe-kwafen takardu. Mu ƙaddara, don misali kawai, naira 600,000 ne a shekara. Kai ka san adadin gaskiya, sai ka sa shi a gurbin nawa. A shekara huɗu ya zama naira miliyan 2.4. Na biyu shi ne abin da yaron zai samu da ya zauna a rumfa. Idan muka ƙaddara naira 50,000 a wata, nan ma miliyan 2.4 ce a shekara huɗu. Ke nan jarin da ka zuba a haƙiƙa ya kai miliyan 4.8, ba miliyan 2.4 ba. Kuma shekara huɗun nan a takarda take, domin a 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki na kusan wata tara, a 2022 kuma na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai hankali yakan ware shekara biyar a ransa.

To, ta yaya kuɗin za su dawo? Shekarar hidimar ƙasa tana mayar da wani abu, tunda alawus ɗin ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000 a wata, wanda ya haura naira 900,000 a shekara, ko da yake a cikinsa yaron zai ci ya sha ya hau mota. Bayan nan komai ya ta'allaƙa ne ga tambaya guda: nawa zai riƙa samu a wata fiye da abin da zai samu ba tare da digirin ba? Idan bambancin ya kai naira 60,000, jarin zai dawo cikin shekara bakwai ko ƙasa da haka, sauran shekarun aikinsa kuma riba ce. Idan bambancin naira 20,000 ne, sai an shekara ashirin. Idan kuwa ya dawo gida ya rataye takardar ya ci gaba da abin da zai iya yi tun farko, to ta fuskar kuɗi zalla an yi asara, kuma babu amfanin a ɓoye maka wannan. Hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, tana ƙara dagula lissafin, domin nairar da ka kashe bana ta fi wadda zai karɓa nan da shekara shida daraja.

Abin da 'yan'uwanka ba su lura da shi ba shi ne, a yawancin ƙofofin aikin albashi a Nijeriya ba a tambayar me ka karanta kamar yadda ake tambayar da wane sakamako ka fita da kuma shekarunka nawa. Mai digirin Tarihi da mai digirin Kimiyyar Sinadarai duk a mataki na 8 suke fara aikin gwamnati, albashinsu ɗaya. Likitoci da ma'aikatan lafiya kam suna da tsarin albashi na daban. Bankuna, kamfanonin sadarwa, Kwastan, Shige da Fice da sauran hukumomin kaki sukan buɗe gurabe da dama ga kowane fanni, amma sukan gindaya sharaɗin digiri mai daraja ta biyu, bankuna kuma sukan ƙara da iyakar shekaru, galibi 26 ko 27. Wannan yana nufin yaron da ya fita da sakamako mai kyau a Tarihi yana ɗan shekara 23 ya fi ƙarfi a kasuwar aiki a kan wanda aka tura wani fannin kimiyya da ba ya so, ya yi ta maimaita kwasa-kwasai, ya fito da daraja ta uku yana ɗan shekara 28. Iyaye da dama sun biya kuɗi mai yawa kafin su gane haka.

Wannan ne ya sa ban goyi bayan a zauna a gida a jira JAMB ta baɗi ba. Guraben karatun lauya ƙayyadaddu ne, domin Majalisar Ilimin Shari'a ce ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, masu nema kuma sun ninka guraben sau da yawa. Ko ya samu, karatun shekara biyar ne, sai kuma shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, irin ta Bagauda da ke Kano. Idan aka haɗa da shekarar jira, an ƙara shekara uku a kan lissafinmu, sannan matashin lauya a ofishin wani babban lauya ba ya fara aiki da albashin da mutane ke zato. In har zuciyarsa na kan lauyan, ƙofa ba ta rufe ba: mai digiri yana iya neman shiga karatun lauya kai tsaye daga aji biyu, a lokacin da ya san kansa, wataƙila ma da kuɗin aljihunsa.

Sai dai kada in bar ka da zaton cewa aikin albashin nan yana nan a jibge. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sannan a 2023 ta ce kashi 4.1 ne. Ba ayyuka ne suka ƙaru ba, hanyar ƙirgan aka sauya, ta yadda duk wanda ya yi aikin sa'a guda a mako ya shiga sahun masu aiki. Adadin da ya fi faɗin gaskiya a rahotannin hukumar shi ne cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan suna sana'o'in da ba na ofis ba ne, babu takardar ɗaukar aiki, babu fansho. Duk mai digiri, na tarihi ne ko na injiniya, a kan 'yan guraben da suka rage yake kokawa.

A nan ne ɗanka ya fi abokan karatunsa sa'a, kuma a nan shawarata take. Yana da abin da mafi yawansu ba su da shi, wato mahaifi mai rumfa da abokan ciniki. Ka bar shi ya tafi, amma kada ka yaye shi daga kasuwa. Duk hutu, duk yajin aiki, ya dawo ya riƙe maka littafin shiga da fita, ya bi motar kaya zuwa Dawanau, ya san farashin buhu a kaka da farashinsa a bazara. Karatun Tarihi, idan an yi shi da gaske, horo ne na karanta doguwar takarda a gano inda aka ɓoye magana, da auna shaidu masu karo da juna, da rubuta bayani mai tsari. Ka tuna ranar da wani kamfanin abincin kaji ya miƙo maka takardar yarjejeniya mai shafi goma da Turanci, da sharaɗin yawan danshin masara da ranar kai kaya da tarar da za a yanka in an makara, ka rasa wanda za ka amince wa ya karanta maka. Yaron da zai zauna ya bi ta layi-layi, ya rubuta wa banki takardar neman lamuni, ya yi wa kasuwancin rajista, ya cike takardun neman kwangilar samar da hatsi, ribar digirinsa a cikin cinikinka za ta bayyana, ko da gwamnati ba ta taɓa kiransa ba.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma kai ka fi ni sanin amsarsa. Shin yaron mai son karatu ne, wanda ake ganinsa da littafi ba tare da an sa shi ba? Idan haka ne, ka biya da zuciya ɗaya, ka kuma nemi ya koyi aiki da kwamfuta tun shekarar farko. Idan kuwa don kada a ce abokansa sun tafi sun bar shi yake son jami'ar, to jari da rumfa sun fi masa, kuma babu abin kunya a ciki.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da aiki. Na yi digiri a harshen Hausa, na fita da sakamako mai kyau, na kuma gama hidimar ƙasa. Yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashina bai kai rabin abin da nake karɓa lokacin hidimar ƙasa ba. Ƙawayena da suka karanta aikin jinya duk suna da aiki. Ina tunanin in koma in yi digiri na biyu, ko hakan zai ɗaga darajata. Me ka gani?

Daga wata malama, Gusau, Jihar Zamfara

AMSA

Malama, barka kadai. Abin da kika faɗa game da albashi ba naki ba ne ke kaɗai. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024 ta yanka naira 70,000, amma ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantun kuɗi da yawa a nan suke fakewa. Ƙawayenki kuma gaskiya ne sun fi ki saurin samun aiki, domin takardarsu lasisi ce ta sana'a guda da ake ƙarancin masu ita. Taki takardar ba haka take ba, sai kin haɗa ta da wani abu kafin ta yi kuɗi.

Digiri na biyu ba shi ne wannan abin ba, sai fa idan koyarwa a jami'a ko kwalejin ilimi kike nufi, kuma kina da dalilin zaton gurbi zai samu. In ba haka ba, za ki kashe shekara biyu ko uku da kuɗin da ba ki da su, ki dawo ajin da kika bari, mai makarantar kuma ba zai ƙara miki ko sisi ba. Idan koyarwar kike so ki riƙe a matsayin sana'a, abin da ya fi miki shi ne difilomar koyarwa ta bayan digiri, wadda ake kira PGDE, shekara guda, sannan rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN. Da waɗannan biyun ne ake shiga aikin koyarwa na gwamnati da manyan makarantu masu biyan albashi na mutunci, kuma dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malaman gwamnati zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki.

Amma ina ganin kin raina abin da ke hannunki. Masu jin Hausa miliyoyi ne, masu iya rubuta ta daidai kuwa 'yan kaɗan ne. Ki ɗauki kowace takardar wayar da kai ta asibiti ko allon talla a bakin titi ki duba: an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an rubuta ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa, an ɗauko jimlar Turanci an sa mata rigar Hausa, har mai karatu ya kasa gane ko kafin cin abinci za a sha maganin ko bayansa. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma suna buƙatar masu fassara da masu tattara bayanai a ƙauyuka. Gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu sun yawaita tun bayan buɗe Freedom Radio a Kano a 2003 da tashar Arewa24 a 2014, ga kuma sassan Hausa na BBC, DW, RFI da TRT. Guraben waɗannan manyan kafofi kaɗan ne, kuma abin da ya samu Muryar Amurka a 2025, lokacin da gwamnatin ƙasar ta dakatar da yawancin ayyukanta, ya nuna cewa su ma ba dawwamammu ba ne. Duk da haka akwai ƙananan ayyuka masu yawa a gefensu: fassarar rahoto, rubuta fassarar magana a ƙasan bidiyo, gyaran littafi kafin a buga, da ayyukan kamfanonin fasaha da ke biyan masu duba ingancin Hausar da na'ura ta fassara.

Abin da waɗannan ayyuka ke nema shi ne Turanci mai ƙarfi daidai da Hausar, domin mai fassara da harshe biyu yake ciniki, sai kwamfuta da saurin bugu, sai kuma samfurin aiki da za ki nuna. Kuɗin da kika yi niyyar kai wa digiri na biyu, ki sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ko da wadda aka taɓa amfani da ita ce, ki zaɓi fanni guda, lafiya ko noma ko shari'a, ki ƙware a kalmominsa. Fassarar na'ura ta riga ta cinye aikin mai fassarar gama-gari, tun da Google ya sa Hausa cikin manhajarsa a 2013 kuma kullum ƙara kyau take yi. Wanda ya rage ana biya shi ne wanda za a iya dogara da shi a takardar da kuskure a cikinta zai iya cutar da mutum. Kada ki ajiye koyarwar tukuna. Ki fara wannan da yamma da ranakun hutu, har ranar da abin da yake kawowa ya wuce albashin.

TAMBAYA TA UKU

Malam, ina aji ɗaya a sashen zane-zane, mahaifina ya rasu, yayana ne ke biya mini kuma nauyi ya yi masa yawa. Shin ya dace in ci bashin karatu na gwamnati a kan irin wannan fanni?

Daga wani ɗalibi, Zariya, Jihar Kaduna

AMSA

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka wa yayanka da alheri. Amsata ita ce ka nemi bashin. Asusun ba ɗalibai bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, yana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, yana kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a kansa, ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, sannan kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu ake cira. A ƙasar da farashi ke tashi kowace shekara, bashin da ba ya ƙaruwa sauƙi yake yi da tafiyar lokaci. Amma bashi ne, da niyyar biya ake cinsa.

Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne, fanninka yana da tsadar da bashin ba zai ɗauke ba, wato fenti, kyallen zane, takardu, da kwamfuta mai ƙarfin ɗaukar manhajojin zane. Sannan ka san inda kasuwarka take. Zariya tana da tarihi babba a wannan fage, tun ƙungiyar ɗalibai ta 1958 da ta fitar da irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, amma masu sayen zanen ratayewa a bango da tsada yawancinsu a Legas da Abuja suke, kuma 'yan kaɗan ne ke rayuwa da wannan kaɗai. Kuɗin yau da kullum a Arewa yana wurin maɗaba'a, tsara tambarin kamfani da kwalin kaya, allunan talla, katin biki, zanen atamfa da tace bidiyo, kuma babu mai tambayarka takardar digiri a waɗannan wurare, aikinka ake cewa ka nuna. Ka nemi wata maɗaba'a a Sabon Gari ko Samaru ka riƙa zuwa bayan darasi tun yanzu, ko da ba za a biya ka ba a watannin farko, ka kuma adana hoton duk aikin da ka yi a wuri guda, domin shi za ka miƙa wa mai ba da aiki na gaba.